SARƘA DA KULOCI: HAƘORAN DA AKE DUBA WA TSOHON BABUR

 Darasinmu na wannan mako ba a kan iri ko taki yake ba. A kan babur yake, wanda mu nan muka fi kira moto. Kada wani ya ce babur ba kayan gona ba ne. Shi ke kai taki fadama, shi ke fito da buhun albasa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare.

Da zarar an kwashe albasa an sayar, ko an sayar da wake bayan kaka, sai ka ga magidanta da samari sun nufi wurin dillalan babura. Ba kowa ke da ƙarfin sabo ba. Da yawa na hannu suke saya, wanda ya riga ya yi aiki a wurin wani. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya ba da gumin shekara guda a kan fenti da ƙarar salansa.

Ku dubi abin da ake yi a kasuwar dabbobi ta Badagishiri. Ba mai sayen sa don kyan ƙaho. Sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, an kora shi an ga tafiyarsa. To, babur ma yana da haƙoran da ake dubawa, su ne sarƙa da kuloci. Ana iya wanke babur, a sake masa fenti, a yi wa kujera sabuwar riga, har agogon kilomita ana iya cirewa ko a sake shi. Amma wahalar da ya sha tana nan rubuce a waɗannan wurare biyu, ga wanda ya iya karatunta.

YADDA ƘARFI YAKE ISA GA TAYA

Inji shi ke haifar da ƙarfi. Daga inji ƙarfin ya bi ta kuloci, wanda masu gyaran da suka koyi aiki da Faransanci ke kira ambireyaj. Daga nan ya shiga giya, ya fito kan ƙaramin faifai mai haƙora, wato pinyo. Sarƙa, ko shen, ita ke ɗaukarsa ta kai wa babban faifai na tayar baya. Kamar guga da igiya ne. Kome ƙarfin mai ja, in hannunsa yana sulɓewa ko igiyar ta ruɓe, ruwa ba ya fitowa.

Ƙasarmu kuwa mai wuya ce ga waɗannan kaya. Akwai kwaltar da ta ratsa Badagishiri, wadda ta taso daga Tsernawa ta nufi Tawa. Da ka sauka daga kanta sai jan burji, da yashin ƙorama, da hawan duwatsun Adar. Da rani ƙura, da damina taɓo. Ga kuma lodi, mutum biyu da buhu, wani lokaci har da tunkiya. Saboda haka babur ɗin da ya shekara biyu yana kabu-kabu a Birnin Ƙonni, ko yana jigilar albasa a Galmi, ya fi na malamin makaranta mai shekara biyar tsufa.

KAFIN A FARA

Ku je da rana, ba da almuru ba. Ku tafi da abu uku: tsumma, da ma'aunin ƴan makaranta mai santimita 30, da mutum guda wanda ya san babur, wanda kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ku taɓa injin ku ji ko da sanyi yake. In kun tarar an riga an ɗuma shi, ku tambayi dalili.

Gargaɗi babba: kada a kusanci sarƙa da hannu ko da tsumma inji yana aiki. A kashe shi, a zare makulli, a kafe babur bisa jakinsa na tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa. Da hannu za a riƙa juya tayar. Sarƙa ba ta mayar da yatsan da ta kama.

KASHI NA FARKO: DUBA SARƘA

Mutane suna cewa sarƙa ta miƙe. Gaskiyar magana ƙarfen ba ya miƙewa kamar roba. Kowace gaɓa tana juyawa ne a kan ƴar ƙusa. In yashi ya shiga ya haɗu da mai, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙusar da ramin da take ciki. Abin da kowace gaɓa ta rasa ɗan kaɗan ne. Amma gaɓoɓin sun haura 100. In aka tara, sai sarƙa ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai a tsakanin haƙora, ta koma hawa kansu tana cinye su.

1. Goge ku gani. In an lafta wa sarƙa maiko mai kauri, a goge wani wuri da tsumma. Ku nemi tsatsa, musamman jan gari da ke fitowa daga cikin gaɓoɓi. Wannan alama ce ta daɗe tana tafiya a bushe. Ku nemi gaɓar da ta ƙage, wadda ba ta miƙewa tare da ƴan'uwanta, da ƴan zobban da suka tsage ko suka faɗi.

2. Gwada sako-sako. A tsakiyar sarƙa ta ƙasa, tsakanin faifan biyu, a ɗaga ta sama a danna ta ƙasa. Ga yawancin baburanmu wasan da ake so santimita 2 zuwa 3 ne, kamar faɗin yatsa biyu. Kada a tsaya a wuri ɗaya. A juya taya kaɗan a sake gwadawa, har sau biyar ko shida. In nan ta yi tauri can ta yi sako-sako, to ta ci ba daidai ba. Irin wannan ba ta ɗauruwa. In ka daidaita wuri ɗaya, ɗayan ya ɓaci.

3. Jawo ta daga baya. Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi. A kama gaɓa ɗaya a can bayan babban faifai, daidai inda sarƙa ta naɗe shi, a jawo ta baya. Sabuwa da ƙyar take motsi. In ta ɗago har kuka ga rabin haƙori, ko haske ya ratsa tsakaninta da faifai, ta gama aiki, ko da kuwa an ɗaure ta tamau.

4. Auna ta. Ku duba gefen gaɓoɓi, za ku ga lamba. Yawancin ƙananan babura 428 ko 420 suke ɗauke da ita. A irin waɗannan, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ta kusa da ita milimita 12 da ɗigo 7 ne. Abokin tafiyarka ya danne sarƙar ƙasa domin ta sama ta miƙe sosai. Ka ƙirga ƙusa 21 a jere, wato gaɓa 20, ka auna daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Sabuwa milimita 254 ce. In ta kai 259, ta isa iyakarta. Ku lura, rabin santimita ne kawai tsakanin sabuwa da matacciya. Shi ya sa ido kaɗai ba ya isa.

5. Duba ƙusoshin jan sarƙa. A gefe biyu na tayar baya akwai noti da ƴan zane-zane da ake ja da tayar baya da su. In an ja har ƙarshe, babu sauran wurin ɗauri. In kuwa tayar tana can gaba kamar ta sabon babur, alhali sarƙar ta faɗi gwaji na uku, to an yanke mata gaɓa ne don a ɓoye tsufanta. Ku duba kuma ko zanen dama da na hagu sun yi daidai. In ba su yi ba, tayar a karkace take, tana cin sarƙa ta gefe ɗaya.

6. Duba mahaɗi. Akwai gaɓa ɗaya da ake buɗe sarƙa da ita, mai ɗan maɓalli kamar ƙaramin kifi. Rufaffen kansa shi ya kamata ya fuskanci inda sarƙa take tafiya. In kun ga waya a maimakonsa, ko kun ga mahaɗi biyu ko uku, sarƙar ta taɓa tsinkewa, ko kuma haɗe-haɗe ce.

HAƘORAN FAIFAI

Haƙorin lafiyayyen faifai gefensa biyu daidai suke, kansa kuma da ɗan faɗi. Wanda ya ci yakan lanƙwashe gefe ɗaya kamar bakin shaho, ko ya yi tsini kamar ƙayar aduwa. Wasu sukan kwance faifan da ya lanƙwashe su juya shi. In kun ga haƙora sun sirance, gefe biyu duk suna ƙyalli, ku yi zaton haka.

Kada ku tsaya kan babban faifai don shi ne a fili. Ƙaramin na gaba yana juyawa kusan sau uku kafin babban ya juya sau ɗaya, saboda haka shi ke fara mutuwa, ga shi kuma a ɓoye. Ku roƙi a cire murfinsa, noti biyu ne ko uku. In mai babur ya ƙi, ya gaya muku amsa ke nan. Da an buɗe, ku girgiza faifan, ku duba ko baƙin mai yana tsatsafowa ta bayansa. In ƙarfen da yake zaune a kai yana wasa sama da ƙasa, an daɗe ana ɗaure sarƙa fiye da kima, har ta ci abin da ke cikin inji. Wannan gyara ne na buɗe inji, ba ƙaramin kuɗi ba.

Daga nan ku riƙe tayar baya, ku murɗa babban faifai gaba da baya. A cikinsa akwai ƴan robobi masu shanye fizga. In yana wasa da yawa yana ƙwas-ƙwas, robobin sun mutu. Su dai masu araha ne, amma a sa su cikin lissafi.

Abin riƙewa a nan shi ne, sarƙa da faifanta biyu tare ake sake su. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa, haƙoran da suka lanƙwashe za su cinye ta. Wanda ya sake ɗaya ya bar biyu, sau biyu zai biya.

KASHI NA BIYU: DUBA KULOCI

Kuloci a rufe yake, ba a ganinsa. Da kunne da hanci da jiki ake gwada shi. A cikinsa akwai faya-faye iri biyu da aka jera bi da bi, na ƙarfe zalla da masu ɓawo, duk suna cikin baƙin man inji. Sifirin ne ke matse su su zama abu ɗaya. In ka kama hannun kuloci sai su rabu, ƙarfi ya yanke. Yawancin baburan Sin masu inji 125 da ke ƙauyukanmu a kan tsarin Honda CG125 aka ƙera injinsu, wanda ya fito a 1975. A wannan inji, faifai mai ɓawo kimanin milimita 3 ne yana sabo, in ya koma 2 da ɗigo 6 sai a sake shi. Dubi ƙanƙantar abin da lodinku ya dogara a kai.

Abin da ya fi kashe shi a nan shi ne rabin kuloci. Mutum ya shiga yashi da buhu biyu, ko ya kama hawan dutse da giya babba, sai ya riƙe hannu rabi yana ba shi wuta. Faya-fayen suna gugar juna, suna zafi, ɓawon yana ƙonewa, na ƙarfen suna kantarewa.

1. Hannu da waya. A taɓa hannun kuloci a hankali. Ya kamata bakinsa ya yi wasan banza na santimita 1 zuwa 2 kafin a ji nauyi. In babu wasa ko kaɗan, kulocin bai taɓa kamawa sosai ba, yana ta ci. Ku duba notin gyaran waya, na wajen hannu da na wajen inji. In duk an kai su ƙarshe, babu sauran gyara. Ku duba ko wayar ta fara tsintsinkewa. In kuwa hannun ya yi tauri ƙwarai alhali wayar lafiya lau, mai yiwuwa an cusa wa sifirin zobba ne don tsohon kuloci ya kama na ƴan kwanaki.

2. Sansana mai. A zaro ma'aunin baƙin mai, a shafa a yatsa. In yana warin ƙuna kamar tuwon da ya kama tukunya, kuloci ya sha wuta. In ya yi kauri kamar zuma, ko yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ku yi hattara.

3. Saurara. A tayar da inji a bar shi a firi, wato ba giya. In kun ji ƙaf-ƙaf mai ƙarfi daga gefen dama na inji, wanda ke ɓacewa da an kama hannun kuloci, kwandon da faya-fayen ke ciki ya fara sakin jiki.

4. Gwajin rabuwa. A kama hannu har ƙarshe, a sa giya ta ɗaya. Babur ya tsaya cik. In yana jan jiki gaba, ko injin ya mutu, ko an sha wuya kafin a koma firi, kulocin ba ya rabuwa. Ko waya ce, ko faya-fayen ƙarfe sun kantare, ko sun sassaƙa kwandon.

5. Gwajin sulɓi. Wannan shi ne babba. A hau babur a yi tafiyar minti goma ko fiye, inji ya yi zafi, domin da zafi ciwon yake fitowa. A ɗauki abokin tafiya a baya, a nemi ɗan hawa. A sa giya ta ƙarshe ana tafiya sannu, sa'an nan a murɗa totur gaba ɗaya. In ƙarar inji da gudu suka ƙaru tare, lafiya. In inji ya yi kururuwa amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana sulɓi. In babu wurin tafiya, a kama birki, a sa giya ta uku, a ɗan ba shi wuta, a saki hannu sannu-sannu. Lafiyayye nan take zai kashe inji. Sau ɗaya ake wannan, kuma da izinin mai shi.

6. Tashi. A tashi daga tsaye sau uku ko huɗu. A lura ko yana karkarwa ko fizga, a kuma lura ko sai hannu ya kusa sakewa duka kafin ya kama.

Masu neman roba-roba, wanda ba shi da hannun kuloci, su ma ba su tsira ba. Nasa da kansa yake kamawa. A sa giya, kada ya motsa sai an ba shi wuta, in an ba shi kuma ya tashi sumul. Gwajin hawa da mutum a baya duk ɗaya ne. Sarƙarsa tana cikin gida, a buɗe ƴar ƙofar da ke gefe a duba.

SAI A ZAUNA A YI LISSAFI

Sarƙar da ta ci, ko kulocin da ke sulɓi, ba su isa su hana ciniki ba. Kaya ne da dama ake sakewa. Amma kuɗinsu daga farashin babur zai fita, ba daga rumbunku ba. Kafin ku taya, ku je wurin mai kayan gyara ku ji kuɗin sarƙa da faifai biyu, da faya-fayen kuloci, da baƙin mai, da ladan mai gyara. Ku ji na ranar, domin yawancin kayan ta Illelar Najeriya suke shigowa, farashinsu yana bin canjin naira da halin da iyaka take ciki. Ba mu manta ba, an rufe ta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka kuma sake rufe ta a 2023.

Ga misali. A ce an sa wa babur jikka 250, a ce kuma duk gyaran ya tasam ma jikka 25. To, babur ɗin jikka 275 ne a gare ku. Ko mai shi ya rage, ko ya gyara a gabanku, ko ku nemi wani.

Amma akwai abu uku da in kun gani gara ku haƙura: ƙarfen ƙaramin faifai yana wasa, ko jikin inji kusa da shi yana da tsaga ko walda, alamar sarƙa ta taɓa tsinkewa ta doke shi, ko giya tana fita da kanta ana cikin tafiya. Araha ba ta ado. Kada a sai da kare a sayi biri.

Ku tuna kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Sarƙar da ta zame a gangaren dutse tana iya cije tayar baya nan take, ga lodi, ga mutum a baya. Babur marar murfin sarƙa kuwa yana kama zanen mace da bakin babbar riga. Ku tabbata murfin yana nan. Maganar takardu da lambar jikin babur darasi ne na dabam, amma kada a biya ko dala sai an gan su sun dace.

BAYAN AN SAYA

A wanke sarƙa da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata mai a kowace gaɓa, a goge wanda ya yi yawa don kada ya tara ƙura. Man giya mai lamba 80 ko 90 ya fi dacewa. Wanda aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe. A yi haka duk kilomita 500, kimanin zuwa Tawa da dawowa sau biyar daga Badagishiri, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa ko taɓo. A cikin inji a zuba man babur mai alamar JASO MA a jikin galan. Wasu mayukan mota suna da santsin da ke sa kuloci sulɓi. In an zo yashi ko hawa, a sauko giya ta ɗaya ko ta biyu, a saki hannu duka. In lodi ya yi yawa, a yi sawu biyu.

TAMBAYOYI DON ƘUNGIYOYIN MASU SAURARO

1. Me ke sa sarƙa ta ƙara tsawo, tun da ƙarfe ba ya miƙewa?
2. Ƙusa nawa ake ƙirgawa, kuma milimita nawa ne iyaka?
3. Yaya za ku gane an yanke wa sarƙa gaɓa?
4. Don me ake gwada sulɓin kuloci da zafi, da mutum a baya?

Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa a kawo babur ɗaya dandali ranar zama, a kashe shi, kowa ya gwada da hannunsa, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura. Ku aiko mana da abin da kuka gani. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a abin da muka noma. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.